Gatarin Mai Gyara da Gatarin Mai Ɓarna

Karatu: Farawa 2:8-15, Matiyu 13:24-30

Ɗan'uwana mai karatu, a ce an nuna maka mutum biyu, ɗaya yana durƙushe yana dasa itace, ɗayan yana tsaye da gatari yana sara. Sai aka ce ka faɗi wanda yake aikin kirki a cikinsu. Na san ba za ka daɗe kana tunani ba. Tun muna yara aka koya mana cewa mai dasa itace mai albarka ne, mai sara kuwa shi ne yake jawo mana hamada har ƙofar gida. Sau da yawa haka ɗin ne. Amma akwai ƙasar da masu dasa itace suka kusa kashe kurmi, yau kuma masu sara ne suke fama su tashe shi, ba tare da an biya su ko sisi ba. Ina so mu dubi labarinsu, gama akwai tambaya a ciki wadda ta shafi duk wanda ya taɓa ɗaura niyyar gyara wani abu: me yake raba gyara da ɓarna, tun da kayan aikinsu ɗaya ne?

Ƙasar ita ce Birtaniya. A can suna da wani irin daji da suke kira tsohon kurmi. Ba kowane wuri mai manyan itatuwa ne yake samun wannan suna ba. A Ingila, sai wurin da aka tabbatar itatuwa ba su taɓa yankewa a cikinsa ba tun shekara ta 1600. A Sikotilan kuwa tun 1750. An tsai da 1600 ne domin daga wajen lokacin aka fara samun taswirar da za a iya dogara da ita, kuma kafin nan mutane ba su saba dasa kurmi da hannu ba. Kurmin da yake nan tun lokacin, mai yiwuwa ne ya girmi duk wani labari da aka rubuta a kansa. Abin da ya rage na irinsa yau bai wuce kashi 2 da rabi cikin 100 na faɗin ƙasar ba.

Ka lura da abu ɗaya. Tsufan kurmin a ƙasa yake, fiye da a jikin itatuwan. Ƙasa ce da garma ta daɗe ƙwarai ba ta shiga ba. Ganye ya zuba ya ruɓe, wani ya zuba a kansa, shekara bisa shekara. A cikinta akwai saiwoyi, da iri da yake kwance yana jiran haske, da ƙwari, da wasu ƙananan halittu masu kama da zare waɗanda suke manne da saiwar itace suna taimakonta shan ruwa da abinci. Akwai furannin da ba su cika fitowa ko'ina ba sai a irin wannan wuri, domin suna yaɗuwa a hankali ƙwarai, har mutum ya tsufa bai ga sun yi nisan kirki ba. Jama'a suna iya dasa itace 1,000 a yini ɗaya. Ba wanda zai iya dasa shekara 400.

To, yaya aka yi ɓarnar? A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Birtaniya ta sha wuya saboda rashin katako, gama yawancinsa daga waje take sayowa, jiragen ruwa kuma ana nutsar da su. Sai a 1919 gwamnati ta kafa hukumar gandun daji domin ƙasar ta riƙa noma katakonta. Bayan yaƙi na biyu aikin ya ƙara ƙarfi. Aka dubi tsofaffin kurmi aka ga itatuwansu karkatattu ne, masu jinkirin girma, ba riba a cikinsu. Sai aka sare su, wani wuri ma aka zuba wa kututturan guba don kada su toho, aka dasa itatuwan waje dangin fir, masu ganye kamar allura, masu saurin girma, a jere kamar sojoji. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsofaffin kurmi haka aka yi musu. Waɗannan baƙin itatuwa ba sa kaɗe ganye ko da lokacin sanyi, kuma an dasa su kusa da juna. Da suka haɗe a sama, ƙasa ta yi duhu, furanni suka ɓace, tsofaffin itatuwan da suka tsira suka fara mutuwa a inuwa. Wani masanin tarihin kurmi na Jami'ar Kambirij, Oliver Rackham, wanda ya rasu a 2015, ya sa wa wannan zamani suna shekarun fara. Duk wanda ya karanta Yowel sura 2 ya san inda ya samo sunan, duk wanda kuma ya taɓa ganin fara ta sauka a gonar gero ya san abin da yake nufi. Sai a 1985 gwamnati ta sake manufa ta fara kare itatuwan ƙasar na asali.

Kada mu yi saurin zagin waɗanda suka yi wannan aiki. Ba ɓarayi ba ne. Masu ilimi ne, sun ga ƙasarsu cikin wahala, suna so kada a sake. Da ka tambaye su, da sun ce maka itace suke dasawa, kuma gaskiya suka faɗa. Wannan ne ya sa labarin yake da ban tsoro. Kyakkyawar niyya tana nan, ƙwazo yana nan, kuɗi yana nan. Abin da babu shi ne tsayawa a tambaya: mene ne yake wurin nan tun kafin mu zo?

Akwai kuma baƙo na biyu, wani tsiro mai kyawawan furanni da ake kira rododendaron. Asalinsa daga Sifen da Fotugal ne da kewayen Baƙin Teku. An kawo shi Birtaniya a 1763, masu manyan gidaje suka so shi don ado da kuma maɓoyar tsuntsayen farauta. Ya ji daɗin ruwan ƙasar, ya tsallake shinge ya shiga kurmi. Ganyensa guba ne ga dabbobi, don haka ba abin da yake cinsa. Yana yin sarƙaƙiya mai duhu wadda ta fi mutum tsawo, ƙarƙashinta ba abin da yake tsirowa, ko ɗan itacen da zai gaji uwarsa. Shi ma da ƙauna aka kawo shi.

A nan masu aikin sa kai suka shigo. A 1959 kimanin mutum 40 suka taru a wani tudu mai suna Box Hill, a kudancin Landan, suka sassabe ƙananan itatuwan da suka rufe wurin domin tsire-tsiren asali su sami rana. Daga nan wata ƙungiya ta tashi wadda yau ake kira The Conservation Volunteers. A 1972 kuma wani mutumin yankin Devon mai suna Kenneth Watkins, wanda ya yi noma ya kuma yi cinikin injunan gona, ya kafa Woodland Trust shi da abokansa, suka fara sayen kurmi don kada a sare. Yau ƙungiyar tana riƙe da kurmi fiye da 1,000. Masu zuwa aikin mutane ne irinmu: malaman makaranta, 'yan fansho, ɗalibai, ma'aikatan ofis a ranar hutunsu. Abin da za mu kira aikin gayya ne, sai dai ba mai gonar da zai dama fura, kowa da guzurinsa yake zuwa.

Bari in gaya maka yadda suke aikin, domin a cikin yadda ake yinsa amsar tambayarmu take.

Ba su fara da sara. Suna fara da yawo. Mutum ya bi kurmin da takarda a hannu yana neman abin da ya tsira: tsohon itacen oak da baƙin itatuwa suka kewaye, ɗan wurin da furannin asali suka maƙale a bakin rafi, tsohon kututture mai sauran rai. Sai an san inda waɗannan suke kafin a taɓa kome. Sa'an nan a sa wa itatuwan da za a cire alama. Manyan itatuwa aikin ƙwararru ne masu injin sara, masu sa kai kuwa su ne da zarton hannu da adda da almakashin reshe. Yawancin saran da sanyi ake yinsa, gama daga watan Maris zuwa Agusta tsuntsaye suna kan ƙwai. Ba su kwashe dukan mataccen itace, suna barin wani ya ruɓe a wurin, domin gidan ƙwari ne da abincin ƙasa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba su sare baƙin itatuwan gaba ɗaya, ko da yake su ne cutar. Mai zafin zuciya zai ce, tun da mun san abokin gāba, me muke jira? Amma an gwada an gani. Tsohon itacen da ya yi shekara 50 a inuwa, in aka buɗe shi ga rana da iska a yini ɗaya, yana iya ƙonewa ko ya faɗi. Furannin kurmi ma 'yan inuwa ne, in haske ya yi yawa farat ɗaya, ƙaya da ciyawa masu ƙarfi su ne za su riga su tashi su danne su. Saboda haka akan fara buɗe ɗan fili kewaye da tsohon itacen, a tafi. Bayan wasu shekaru a dawo a ƙara buɗewa. Maido da kurmi ɗaya yana cin shekaru da dama, har wanda ya fara da furfura ya san wani ne zai ƙarasa.

Ka ga yadda wannan ya yi kama da misalin da muka karanta a Matiyu 13. Bayin mai gona sun gane ciyawa, ba su yi kuskure ba. Sun kuma kawo kansu don su cire ta. Mai gonar ya hana su domin ya san saiwar ciyawar da ta alkamar sun riga sun sarƙe. Misalin yana magana ne a kan shari'ar ƙarshe, ba na so in ja shi inda bai nufa ba. Amma akwai abin da kowane manomi zai gane a ciki: sanin mugun abu bai isa ya ba ka izinin tumɓuke shi yau ba. Sai ka san abin da zai biyo shi in ka ja.

Akwai kuma wani irin sara da ya fi wannan daɗewa a ƙasar. Tun zamanin dā mutanen Ingila sukan sare wasu itatuwa daga gindi, kututturen ya fitar da sanduna masu yawa, bayan shekara 7 ko 10 ko 20 a dawo a yanka, ya sake tohowa. Sukan raba kurmin kashi-kashi, bana a yanka wannan, baɗi wancan. A wani kurmi mai suna Bradfield a yankin Suffolk, an rubuta cewa ana wannan aiki tun 1252, sa'ad da kurmin yake hannun wani gidan ibada na garin Bury St Edmunds, har yau kuma ba a daina ba. An ƙidaya irin tsiro fiye da 370 a cikinsa. Mutane sun sami itacen wuta da ƙota da sandunan shinge fiye da shekara 700, kurmin bai ƙare ba. Abin mamaki ma, itacen da ake yi wa irin wannan sara yakan fi ɗan'uwansa da aka bari tsaye tsawon rai. Inda aka daina saran kuwa, kurmi ya rufe, furanni da malam-buɗe-littafi suka ragu. Ayuba ya lura da wannan hali na itace tun dā, a sura 14, inda ya bambanta mutum da kututturen da yake sake tohowa da zarar ya ji ruwa.

Yanzu mu koma ga tambayarmu. Ba a kayan aiki bambancin yake ba, gama gatari ɗaya ne. Ba a niyya kaɗai ba, gama mun ga masu kyakkyawar niyya sun yi ɓarna. A ganina, mai gyara shi ne wanda ya yarda cewa ya tarar da abin da ba shi ya yi ba, ba kuwa zai iya sake yinsa ba in ya lalace. Wannan sanin shi yake sa ya duba kafin ya sara, shi yake sa ya auna saurinsa da ƙarfin abin da yake so ya ceta. Mai ɓarna kuwa, ko da ɗan itace ne a hannunsa, yana ganin wurin fili ne kawai da yake jiran dabararsa. A Farawa 2:15 an ba mutum aiki biyu a gonar Aidan, nome ta da kiyaye ta. Gonar tana nan kafin a sa shi a ciki. Ba shi ya dasa ta ba. Mun iya na farkon sosai. Na biyun ne yake ba mu wuya, domin mai kiyayewa ba ya da abin nunawa da yamma, sai dai abin da bai ɓace ba.

Wani zai ce, shi rododendaron ɗin ba Allah ne ya halicce shi ba? Wa ya ba mutum ikon ya ce wannan tsiro ɗan gida ne, wancan baƙo? Tambaya ce mai kyau, kada a raina ta. Tsiron ba shi da laifi. A ƙasarsa ta asali yana zaune lafiya da maƙwabtansa, a Sifen da Fotugal ma ya yi ƙaranci har ana kare shi. Mutum ne ya ɗauke shi ya kai shi inda ba abin da zai taka masa burki. Mai cire shi ba hukunci yake yanke wa halittar Allah ba, ɓarnar ɗan Adam yake kwashewa. Kuma wanda ya naɗe hannu ya ce a bar kome yadda yake, shi ma ya zaɓa, gama ya san wanda zai ci nasara in an bar su.

Wani kuma zai ce, wannan aikin waɗanda suka ƙoshi ne. Mai neman abin da zai sa a tukunya ina ruwansa da furen daji? Ba na musun cewa mai zuwa kurmi ranar hutu yana da abin da da yawa ba su da shi. Amma mutanen Maraɗi suna da amsa. Shekaru aka yi ana kashe kuɗi ana renon 'ya'yan itatuwa ana dasawa, yawancinsu suna mutuwa saboda rana da iska da awaki da gara. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM, ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma suke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne. Tohon tsofaffin kututture ne, masu saiwa mai zurfi da rai a ƙasa: kalgo, sabara, magarya da sauransu. Abin da ake bukata shi ne a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a bari, a yanke sauran, a tsare su daga dabbobi. Wuƙa da adda ne kayan aikin. Manoma suka sa masa suna sassaben zamani. A lokacin yunwar 1984 an haɗa shi da rabon abinci, da abincin ya ƙare mutane da yawa suka sare itatuwan. Waɗanda suka bar nasu suka ga amfanin, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, ba wanda ya biya su. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, har da gawon da manoman Damagaram suka riƙa bari a gonakinsu. Abin da mutanen Suffolk suka sani game da kututture, shi ne ya yi aiki a gonar talaka. Ba ina cewa gona da tsohon kurmi abu ɗaya ne ba. Amma a wuraren biyu, an yi ta kawo sabon abu daga waje alhali rai yana kwance a ƙarƙashin ƙafa.

Me ya sa nake ganin rashin biya yana da muhimmanci a nan? Ma'aikaci ya cancanci ladansa, kuma yawancin aikin kurmi masu albashi ne suke yinsa, ba laifi. Amma wanda ake biya bisa yawan itacen da ya kayar, ko shugaban da yake so a ga aikinsa kafin ya sauka, dole saurinsa ya bi kalandar mutane. Wanda ya zo don kansa, kurmin ba nasa ba ne, ba zai sayar da katakon ba, ba zai ga ƙarshen aikin ba. Irin wannan mutum ya fi sauƙin yarda a ce masa, bana kada ka sare wannan, bari sai nan da shekara 5. Yakan iya yin fahariya shi ma, ba mala'ika ba ne. Amma an cire masa ɗaya daga cikin manyan abubuwan da suke sa mutum gaggawa.

Ɗan'uwana, ban san abin da aka damƙa a hannunka ba. Wataƙila an ba ka riƙon 'ya'yan ɗan'uwanka da ya rasu, ka tarar da halaye a cikinsu da ba ka so. Wataƙila an zaɓe ka dattijo, ko shugabar zumuntar mata, ko an kai ka sabuwar makaranta, kana ganin abubuwa goma da suke bukatar gyara, kuma daidai ka gani. Hausawa sun riga sun yi mana kashedi game da mai neman gira har ya rasa ido. Kafin ka ɗaga gatarin, ka zaga wurin tukuna. Wace tsohuwa ce take riƙe da zumuncin da ba ka lura da shi ba? Wane abu ne mai kyau a cikin yaron nan da ya daɗe a inuwa, wanda zai ƙone in ka yaye masa kome a rana ɗaya? Akwai muguntar da ba a yi mata jinkiri, kamar inda ake cutar marar ƙarfi, wannan a tsai da ita yau. Amma yawancin abin da yake gabanmu ba irin wannan ba ne. Haka kuma wanda yake ɗokin kawo sabon tsari, ya tambayi kansa ko abin da zai dasa zai bar wa na dā haske.

Akwai sashen aikin da ba a cika ɗaukar hotonsa ba. Kututturen da aka sara don ya toho, barewa tana son ɗanyen tohonsa kamar yadda akuya take son na gawo. In ba a tsare shi ba, za ta cinye shi shekara bayan shekara har ya mutu. Don haka bayan sara, masu sa kai sukan tara rassa su lulluɓe kututturen ko su kafa shinge, su riƙa dawowa suna duba inda ya ɓalle. Rododendaron kuma ba ya mutuwa da sara ɗaya. In ba a sa wa kututturensa magani ba yakan toho fiye da dā, iska kuma tana kawo ƙananan irinsa daga lambunan da suke kusa. Sai mutanen su koma wurin da suka share bara da bara waccan, cikin sanyi da laka, su durƙusa suna tsinke 'yan tsiron da hannu ɗaya bayan ɗaya, tun tsawonsu bai wuce ɗan yatsa ba.